Tsakar Marmara a Ɗakin Wanki: Littafin Kiwo daga Melbon

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Yau tsaka uku suka tare a gidanmu, kuma da hannuna na ɗauko su. Dattijon Baturen da muke katanga ɗaya da shi zai koma gidan kula da tsofaffi, an ce masa ba zai shiga da akwatin gilashinsa ba. Shekara biyu ɗiyata tana zuwa leƙen akwatin nan duk ƙarshen mako, don haka da ya rasa wanda zai bar wa, ƙofarmu ya ƙwanƙwasa. Ina cikin laluben yadda zan ƙi cikin ladabi, yarinya ta riga ta ce masa mun gode. Albarkacin kaza dai ƙadangare ke shan ruwan kasko.

Namiji ɗaya ne da mata biyu, duk a hannunsa aka ƙyanƙyashe su. Nan take ɗiyata ta raɗa musu suna: Ango, Amarya da Uwargida. Maman yara ba ta yi dariya ba.

Ba irin tsakar bangon gidanmu ta Kano ba ce mai fara-faran jiki. Wannan launin toka ne da ruwan ƙasa, da baƙin zane mai lauje-lauje a baya kamar jijiyoyin dutsen marmara, daga nan sunanta ya samo asali. Masana suna kiranta Christinus marmoratus, kuma tun 1845 masanin Ingila John Edward Gray ya rubuta bayaninta. 'Yar kudancin Ostireliya ce, gidanta ƙarƙashin ɓawon bishiyar turare. Na ɗora ruler a jikin gilashi: Uwargida, wadda ta fi girma, santimita 13 ce har ƙarshen wutsiya.

Sharaɗin maman yara biyu ne. Ba za su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da tukunyarta ba, kuma kada su ƙaru. Na kai akwatin gareji.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Ɗiyata ce ta tona asiri a waya. Sai da Hajiya ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "Ba ni ubanki." Na karɓa na gaishe ta, ba ta ko amsa ba. "Tsaka? Tsakar da na sani? Duk dabbobin Allah, ba ka ga tunkiya ba, ba ka ga zabo ba?"

Ban ga laifinta ba. Haka aka tashe mu: tsaka in ta faɗa a miya an zubar da miyar ke nan, in ta bi ta kan kaya sai an wanke, wasu ma har kuturta suke jingina mata. Ta bangaren lafiya dai na san ba ta da dafi ko kaɗan. Abin tsoron gaskiya shi ne ƙwayar salmonela da dabbobi masu ja da ciki kan ɗauka a kashinsu, shi ya sa na ajiye sabulu kusa da akwati, kuma dokar wanke hannu ba ta da sassauci. Amma Hajiya ba maganar ƙwayar cuta take yi ba, hadisin ladan kashe tsaka take nufi, wanda ke cikin Sahih Muslim, kuma ni ma da shi aka rene ni. Ban musa mata ba, ni ba malami ba ne. Halin da nake ciki kawai na faɗa mata. A jihar Biktoriya ta Ostireliya, inda Melbon take, dokar namun daji ta 1975 ta kare dabbobin ƙasar, ba a kashe su, ba a kamo su daga daji, wanda aka haifa a akwati kuma ba a sakinsa waje. Wannan tsakar tana cikin 'yan ƙalilan da ake ajiyewa ba tare da lasisi ba, muddin ta hanyar halal aka same ta. Ga kuma amanar tsoho da na karɓa a gaban yarinya.

Hajiya ta ce, "To ka samu ƙadangaren bakin tulu." Ta kashe waya.

Litinin, 11 ga Maris

Saura ƙiris in kashe su ba tare da na ɗaga takalmi ba.

Kwana uku ke nan Melbon na tafasa, har an soke faretin yau na Moomba, bikin shekara-shekara na birnin, saboda zafi. Ni kuwa a kaina, duk abin da ya yi kama da ƙadangare rana yake so. Ban taɓa ganin ƙadangaren da ya yi kukan zafi a Kano ba. Da la'asar ta jiya na shiga gareji ɗauko wani abu, ma'aunin zafin da ke manne da gilashi ya nuna digiri 36. Duk ukun sun fito daga maɓoyarsu da rana tsaka, abin da ba su taɓa yi ba, sun lafe a ƙasan akwati kusa da kwanon ruwa, maƙogwaronsu na bugawa da sauri.

Dattijon ya gaya min tun ranar farko, ni ne na ji da kunnen ƙashi. Wannan dabba ta ƙasar sanyi ce. Ba ta buƙatar fitilar ɗumi, zafin ɗaki na 20 zuwa 25 ya wadace ta, abin da ya haura 30 kuma ya daɗe yana iya halaka ta. A daji in rana ta ƙwalle sai ta nutsa cikin tsagar itace ko ƙarƙashin dutse. A akwatin gilashi ina za ta?

Na ɗauko akwatin na tsaya da shi a bakin ƙofar kicin ban ce komai ba. Maman yara ta dube ni, ta dubi tsakokin, ta ce, "Ɗakin wanki. A ƙasa. Kuma in na ga ɗaya a waje, kai da ita za ku koma gareji." Tayil ɗin ɗakin wanki sanyi gare shi, na lulluɓa jiƙaƙƙen tawul a rabin murfin, kafin magariba ma'auni ya sauko 25. Sharaɗi na farko ya faɗi ana dab da azumi.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi ya sa na san su. Bayan tarawi gida ya yi tsit, ina zama a kan bokitin da na kife, da 'yar fitila mai jan haske, in yi ta kallo.

Abincinsu gyare ne, ana sayar da shi a roba a shagon dabbobi. Ƙa'idar ita ce kada gyaren ya wuce faɗin kan tsakar. Kafin in ba su, sai na ciyar da gyaren kansa da karas kwana ɗaya, don abin da ke cikinsa shi ne ainihin abin da tsaka za ta ci. Sannan in zuba su a leda da ɗan garin kalsiyam mai bitamin D3, in girgiza har su yi fari kamar an tsoma su a garin ƙuli. Sau uku a mako, huɗu ko biyar ga kowace. Wanda ya kwana ba a ci ba ina cire shi da safe, don gyare mai yunwa yana iya gatsar tsaka tana barci. Ruwa kuwa, ban taɓa ganin sun sha daga kwano ba. Feshi nake yi a jikin gilashi da daddare, su bi suna lasar ɗigon.

Idonsu ba shi da fatar rufewa. In ƙura ta hau, harshe take zarowa ta share shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai goge tabarau. A ƙarshen kowane yatsa akwai faifai biyu kamar ganye da ɗan farce a tsakani, da su take hawa gilashi a miƙe. Kuma ba ta kuka irin na tsakar gida. Wanda ke damunmu da kuka gyare ne guda da ya tsere ya shige bayan injin wanki. Maman yara ta ce yana tuna mata damina a ƙauyensu, amma ba da sigar yabo ta faɗa ba.

Daren jiya na ga Ango ya cafki Uwargida a wuya ya murɗa wutsiyarsa ƙarƙashin tata. Na ɗauka faɗa ne, na kusa sa hannu. Barbara ce.

Asabar, 6 ga Afrilu

Saboda sharaɗi na biyu na sayo ƙaramin akwati don in ware Ango. Wurin kamun ne aka yi ɓarna, kuma laifina ne. Na ɗaga ɓawon itacen da suke kwana a ƙasa, su uku cure wuri ɗaya, Amarya ta yi tsalle ta bi hannun rigata ta nufi bango. Na tuna gargaɗin maman yara, na kai hannu da sauri, na damƙi wutsiya.

Wutsiyar ta zauna a hannuna, ita ta wuce. Minti biyu ko fiye tana ta mutsu-mutsu a tafin hannuna ita kaɗai, jini ko ɗigo biyu bai kai ba. Dabarar tsira ce, a bar wa maƙiyi abin da zai shagala da shi. Sai dai a wutsiya wannan tsaka take tara kitsen da za ta ci a lokacin sanyi, ga shi sanyin saura wata biyu. Na raba ta da rumbunta ana dab da shiga rani, in ji mutanen gida.

Ɗiyata ta yi kuka ta ce, "Abba, ai an ce da kofi ake kamawa." Gaskiyarta. Kofin roba a kife, a zura takarda ta ƙasa. Da shi na mayar da Amarya, da shi na kwashe Ango. Na cire yashin da ke ƙasan akwatin matan na shimfiɗa takardar goge hannu har wurin ya warke.

Lahadi, 19 ga Mayu

Mako takwas da barbara, ba ƙwai. Ina duba kowane lungu da safe. Na gaya wa maman yara ta kwantar da hankalinta, mun tsallake.

Wani ɗan tsiro baƙi ya fito a dungun Amarya. Ina ba ta gyare ita kaɗai a roba don kada Uwargida ta riga ta.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya aka yi Babbar Sallah a gida, ana fama da zafi da hayaƙin suya, mu nan muna cikin rigunan sanyi. Ɗakin wanki yana kwana a 11 ko 12. Tsakokin sun daina cin abinci kusan gaba ɗaya, gyare ɗaya ko biyu a kwana goma, wani lokacin ma ko kallo bai ishe su ba. Hannuna yana ƙaiƙayin in sa musu abin ɗumi. Na hana kaina. Darasin Maris bai gama fita daga jikina ba, kuma sanyin nan wani ɓangare ne na shekararsu.

Babu abin rubutawa. Feshi sau biyu a mako, shi ke nan.

Lahadi, 8 ga Satumba

Sun farka. Daren Alhamis na ga Uwargida manne a gilashi, ta ci gyare huɗu a jere.

Amarya ta yi saɓa, ta cinye tsohuwar fatar kamar yadda suke yi, amma ragowa ta maƙale a yatsu biyu na ƙafar baya. Ba a wasa da wannan: busasshiyar fata tana shaƙe yatsa kamar zobe har ya mutu ya faɗi. Na sa ta a roba mai jiƙaƙƙiyar takarda na minti ashirin, sannan na murza a hankali da audugar kunne. Ya fita. Tun daga ranar na ajiye musu 'yar roba mai damshi a kusurwa, da ƙofa a gefe.

Sabuwar wutsiyar ta kai santimita uku. Ba ta da zanen marmara, launi ɗaya ne kamar an ɗinka mata daga wani yadin. A cikinta ma ba ƙashi ba ne, guringuntsi ne.

A akwatin mitar wuta na waje na tarar da 'yan uwansu na daji guda biyu, ɗaya da jajayen ƙuma ƙanana a hammata. Ashe shekara da shekaru muna zaune da su a unguwar. Na rufe musu ƙofa na wanke hannu kafin in taɓa namu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Kumburi biyu suka fito wa Uwargida a gefen wuya, farare, ɗaya dama ɗaya hagu. Na ɗauka ƙurji ne, na shiga lissafin kuɗin likitan dabbobi. Da ta hau gilashi da daddare na haska cikinta ta ɗaya gefen, sai ga abu biyu farare zagayayyu ana hango su ta fatar ciki.

Yau muka kai wa dattijon ziyara, na nuna masa hoto. Ya yi dariya har da tari. Kumburin wuyan jakunkunan kalsiyam ne, da su take gina ɓawon ƙwai. Na cikin kuwa ƙwai ne. Na ce ai tun Afrilu namijin yake ɗakinsa shi kaɗai, wata shida da rabi. Ya ce to ai haka suke. Barbara a ƙarshen zafi ake yi, macen ta adana maniyyin a jikinta duk tsawon sanyi, sai gari ya fara ɗumi sannan ƙwan ya sauko ya haɗu da shi. Da na dawo na karanta, haka abin yake a rubuce. Dabarar tana da ma'ana: lokacin da namiji yake da ƙarfi daban, lokacin da ya dace 'ya'ya su fito daban, sai ta raba aikin biyu ta sa sanyi a tsakani.

Wato ranar da na sayo akwatin ware Ango, aikin gama ya riga ya gama da mako biyu. Wutsiyar Amarya a banza ta tafi.

A mota na fara jera bayani, maman yara ta katse ni. "Abban yara, nawa ne?" Na ce biyu, ba sa wuce biyu. Ta ce, "Allah ya sauke ta lafiya." Ban gane ko addu'a ce ko gatse ba, ban kuma tambaya ba.

Na ƙara garin kalsiyam a kowane ciyarwa, na ajiye kaɗan a murfin kwalba a cikin akwati.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ta yi. Da safe na gan ta a rame, fatar ciki ta yi laushi, jakunkunan wuya sun sace. Ban same su a robar damshin da na tanada ba. Can ƙarƙashin ɓawon itace ta ajiye su, a busasshen yashi, su biyu gefe da gefe.

Girman gurjiya ƙarama, farare, kuma ɓawonsu mai tauri ne kamar na tsuntsu, ba mai laushi irin na ƙadangare ba. Wannan ya canja yadda ake kula da su. Ƙwai mai laushin ɓawo yana shan ruwa daga ƙasa, shi kuwa wannan jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓar da shi take yi. Iska mai ɗan damshi yake so, mazauni busasshe. Na ɗiga alama da fensir a saman kowanne don kada ya juya, na ɗauke su da cokalin shayi zuwa murfin kwalba mai yashi, na sa murfin cikin roba, da jiƙaƙƙiyar auduga a can gefe ba ta taɓa su. Ƙofofin iska huɗu da allura. Ba injin ƙyanƙyasa, kan kanta kawai, inda zafi ke yawo tsakanin 22 da 26.

A daji mata da yawa kan taru su zuba ƙwai a rami ɗaya, har a samu gommai a ƙarƙashin dutse guda. Amarya dai ba ta kawo nata ba. Zatona shi ne abin da za ta yi ƙwai da shi ya tafi wurin gina wutsiya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Mun kashe wuta muka haska su da fitilar waya. Na dama ya yi ja-ja kamar yatsa a kan tocila, da siraran jijiyoyi. Na hagu rawaya ne fayau. Ɗiyata ta ce a ba shi lokaci. An ba shi.

Litinin, 16 ga Disamba

Zafi ya dawo. Wannan karon ban jira ma'auni ya gaya min ba. Tun asuba na sa robar ƙwan cikin babbar kular da muke zuba shinkafa ranar suna, da gorar ruwan sanyi naɗe da tawul a ɗaya gefen. Cikin kula bai wuce 26 ba duk yinin. Maman yara ce ta miƙo min kular da kanta, ta ce daga yau ta zama tasu, kada ta sake ganinta a kicin.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Kwana 57. Kaza da tuni ta ƙyanƙyashe sau biyu ta fara na uku. Na hagu ya yi tabo ya fara wari, na fitar da shi. Na dama ya yi duhu, haske ba ya ratsa shi sosai, wanda ke nuna akwai mai zama a ciki. Na daina haskawa. Ɗiyata tana jan layi a kalanda kullum kafin ta tafi barci.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kwana 82. Na sauko sallar asuba, na leƙa don sabo kawai, sai na ga ɓawo a fashe, ba kowa a ciki. Gabana ya faɗi. Na ɗaga robar sama, ga shi manne a ƙasan murfi, kife, yana kallona.

Santimita huɗu da ɗan ɗori har wutsiya, siririn jiki kamar tsinken ashana, kai ya fi ƙarfin jikin. Zanen marmarar ya fito tsaf, kuma a kan wutsiyar akwai ɗige-ɗige ruwan lemo masu haske waɗanda iyayen ba su da su, suna dusashewa in an girma. Na tashi ɗiyata tun kafin lokacin makaranta. Ta durƙusa ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Abba, kada ka taɓa shi." Na ce na ji.

Ba zai zauna da manya ba, za su iya yi masa kallon gyare. Robarsa daban, takarda a ƙasa, guntun kwalin ƙwai don ɓuya, murfin kwalba da ruwa kaɗan wanda ba zai nutse ba. Ƙofofin iska da allura na huda su, don duk inda kansa ya shiga jikinsa zai bi.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya sake zagayowa, na koma kan bokitina. Kwana biyar na farko bai ci komai ba, yana rayuwa da ragowar gwaiduwar da ya fito da ita. Ya yi saɓar farko, sannan ya fara da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace marasa tashi. Yanzu yana cin gyare sabon ƙyanƙyasa, ƙanana kamar ƙwayar gero, kullum da daddare. Yakan yi kuskure sau biyu kafin ya cafke ɗaya.

Uwargida ta mayar da jikinta. Wutsiyar Amarya ta kusa kai tsawon ta da, ta yi kauri a gindi. Ango yana nan shi kaɗai, kuma yanzu ne lokacin barbara. Ɗiyata ta fara kamun ƙafa a wurin mamanta a mayar da shi mako biyu kawai. Na ce ba ruwana, duk wanda ya buɗe wannan ƙofa ya san sai Nuwamba zai ga sakamako, kuma shi zai nemo wa 'ya'yan gida.

Ɗazu muka yi wa Hajiya barka da shan ruwa ta bidiyo. Yarinya ta kai wayar bakin robar kafin in hana ta. Hajiya ta matso da fuskarta, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin? Me yake ci?" Aka gaya mata. Ta ce, "A'uzubillahi. Ku dai rufe tukwanenku."

Gobe da safe zan sayo raga mai ƙananan ido. Ƙudajen suna fita ta ramukan allura, na tsinci uku a kan kwandon ayaba.